Kuɗin aljihu a hutun komai-a-ciki: dala a hannu, katin sidi, katin dala, ko a biya tun daga Kumasi?

Wanda ya je Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, ya biya wa kansa da iyalinsa hutu irin na komai-a-ciki, wato tikitin jirgi da ɗaki da abinci sau uku da abin sha duk a farashi ɗaya, yakan fito daga ofishin ejan yana ganin ya gama da maganar kuɗi. Tsugune ba ta ƙare ba. Abin da aka biya yana aiki ne daga ƙofar otal zuwa ciki, kuma ko a cikin ma ba ko'ina ba. Saura sai da guzuri, kuma a nan mutane suke rabuwa: wani ya ce a canza dala a riƙe, wani ya ce kati ya wadatar, wani ya ce a biya komai tun daga gida a huta. Kowanne yana da hujjarsa, amma ba duka ne suka dace da mutum ɗaya ba.

Kafin a auna su, sai a san aikin da kuɗin za su yi. Mutumin Kumasi tafiyarsa tana farawa tun daga tashar Asafo, ko daga filin jirgin Prempeh idan zai bi ta sama zuwa Accra, kuma idan jirginsa na safe ne akwai kwana ɗaya a Accra da babu shi a takardar ejan. Wuraren shaƙatawar nan kuma yawanci ba a isa gare su kai tsaye. Mai zuwa Antaliya ta Turkiyya zai sauka a Santambul, mai zuwa Hurgada ta Masar zai bi ta Alƙahira, mai zuwa Zanzibar zai yada zango a Addis Ababa ko Nairobi. Awannin jiran nan, ruwa da shayi da abincin yara duk daga aljihunka ne, da farashin filin jirgi. Akwai kuɗaɗen da hukuma ta ɗora: Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshora ta dala 44 kowane baligi tun watan Oktoba na 2024, Dubai kuma tana karɓar dirhami 7 zuwa 20 a kan kowane ɗaki kowane dare gwargwadon darajar otal, kuma sau da yawa a teburin karɓar baƙi ake biya. Kwana 7 a otal mai tauraro 5 dirhami 140 ke nan, kusan dala 38. Sai fita yawo, wankin kaya, layin waya, wasannin ruwa, da ɗan ihsani ga masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci. Sai kuma uwa uba, tsaraba.

Ma'aunai huɗu

Na farko tsada: nawa ake gutsura daga kuɗinka tsakanin sidin da ka fitar da abin da mai kaya ya karɓa a can. Na biyu ɗorewa, wato ko darajar kuɗin za ta tsaya daga ranar da ka ware su zuwa ranar da ka dawo. Wannan ba wasa ba ne a nan Ghana. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin watan Nuwamba ta haura 13. A 2025 kuma abin ya juya, ta sauko daga sama da 15 zuwa ƙasa da 11 cikin 'yan makonni, waɗanda suka tara dala da tsada suka kwana da takaici. Na uku sauƙi, daga shirinsa a nan har zuwa amfani da shi a bakin teku. Na huɗu haɗari, kuma a wajena haɗari kala biyu ne: na ɓarawo da na hannunka. Ɓarawo ba kullum yake zuwa ba. Hannunka kuwa tare kuka hau jirgi.

Dala a hannu

Wannan ita ce hanyar da iyayenmu suka sani tun tafiyar Makka da fatauci, kuma har yanzu ba ta tsufa ba.

Tsadarta a fili take, shi ya sa nake son ta. Ka ga farashi a allo, ka lissafa, ka biya, shi ke nan. Asarar tana zuwa ne a wurare biyu da mutane ba sa lura. Ɗaya, canji na biyu: idan ka isa Masar ko Turkiyya ka mayar da dalar zuwa fam ko lira, an sake gutsura, kuma idan a teburin otal ko a filin jirgi ka yi, gutsurin ya fi girma. Biyu, ragowar da ka dawo da ita: za ka sayar ƙasa da yadda ka saya, ƙananan takardu kuma, na dala 1 da 5 da 10, 'yan canji suna sayensu ƙasa da farashin na 100. A Dubai lissafin yana da sauƙi domin dirhami a ɗaure take da dala a kan 3.67 tun 1997, kamar yadda riyal take a kan 3.75 ga waɗanda suka saba da Umra. A Masar kuwa, inda fam ta faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a watan Maris na 2024, masu jiragen ruwa da masu rakiyar baƙi sun fi son ka miƙa musu dalar kanta.

A ɗorewa ba ta da na biyu idan sidi tana gangarawa. Ranar da ka saya ka rufe ƙofa. Idan sidi tana hawa kuwa, kai ne ka yi gaggawa. Tunda babu wanda ya san gobe, mai hankali yakan raba sayen kashi uku ko huɗu a cikin watannin da suka rage, kamar duk lokacin da ya ɗauki adashi ya canza wani abu.

Wajen sauƙi akwai 'yan ƙa'idoji. Wurin canji mai lasisin Babban Bankin Ghana zai nemi Ghana Card ɗinka, ya ba ka rasit. Ajiye shi tare da fasfo. Abin da ya wuce dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan, kodayake mai zuwa hutun mako guda ba shi da dalilin kusantar wannan adadin. Na san da yawa za su ce Alabar, wurin 'yan canjin bayan fage, ta fi kusa kuma an san juna. Gaskiya ne an san juna, amma ciniki ne da doka ba ta yarda da shi ba, babu rasit, kuma idan takarda ɗaya ta fito jabu a hannunka a wata ƙasa, sanin junan bai bi ka can ba. Duk inda ka saya, kada ka karɓa a dunƙule. Ware su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur, ka duba shekarar da aka buga a gaban takardar, ka mayar da duk wadda ta yage a gefe, ko aka yi mata rubutu da biro, ko aka buga mata ƙaramin hatimi. Ta dala 100 ka nemi mai shuɗin zare a tsakiya, wadda ta fito a 2013. A gabashin Afirka musamman, tsofaffin bugu sukan sha ƙi, ko a karɓa da ragi. Kuma ka roƙi ƙananan takardu tun a nan, ko da ashirin ne na dala 1 da goma na dala 5. Wanda ya isa otal da 'yan ɗari-ɗari kawai, ko dai ya hana yaron da ya ɗauko masa akwati, ko ya yi kyautar da bai shirya ba.

Haɗarin ɓarawo a nan ya fi yawa, domin abin da ya ɓace ya ɓace. Maganinsa rabawa: wani abu a jikinka, wani a jakar Hajiya, mafi yawa a akwatin ƙarfe na ɗaki. Amma a haɗari na biyu, babu hanyar da ta kai ta tsaro. Idan ambulan ya fara sirancewa ido yana gani, hannu kuma yana jin nauyin zaro ta gaba.

Katin asusun sidi

Wato katin Visa ko Mastercard da ke kan asusun da albashinka ko cinikinka yake shiga. A lura tun wuri: katin gh-link da e-zwich na cikin gida ne, ba za su yi maka komai a waje ba. MoMo, wato asusun kuɗi na waya, shi ma kada ka sa shi a lissafi, mai shago a Antaliya bai san shi ba. Amfaninsa a tafiya shi ne ka tura wa na gida kuɗin cefane, idan layinka yana kamawa.

Tsadar katin sidi ba ta fitowa sai daga baya. Banki yana canzawa da farashinsa na ranar, ya ɗora kasonsa na cinikin waje, idan kuma a na'urar cirar kuɗi ka zara, bankinka ya cire nasa, mai na'urar ma ya cire nasa, ko kaɗan ka ɗauka ko da yawa. Don haka zara sau ɗaya mai kauri ya fi zara biyar ƙanana. Kaso ya bambanta daga banki zuwa banki, kuma tambaya ce da za su amsa maka idan ka shiga ka yi ta kai tsaye: nawa kuke cirewa a kan ɗari idan na biya a waje, nawa ne a kan kowace cira, mene ne iyakata ta rana? Akwai kuma tarkon da ke kan ƙaramar na'urar biya. Wani lokaci za ta tambaye ka ko a caje ka da kuɗin ƙasar da kake ko da wani kuɗin da ka fi sani. Zaɓi kuɗin ƙasar. Ɗayan yana kama da taimako, amma farashin canjin da ke cikinsa na masu na'urar ne, kuma ba don kai suka tsara shi ba.

Ɗorewa babu. Kowane saye yana bin farashin ranarsa. Ga mako guda bambancin ba ya yawan zama babba, sai a shekara irin 2022.

Sauƙinsa shi ne babu abin da za ka ɗauka sai abin da ke cikin walat ɗinka tun da. Amma sai ka buɗe masa aikin ƙasashen waje a manhajar banki ko a reshe, ka kuma sanar da su ranakun tafiya, in ba haka ba sayen farko a wata ƙasa yana iya sa a kulle shi don zaton sata. Lambar sirrin da ake turowa kuma layinka na Ghana take zuwa. Wanda ya cire layin ya sa na can don araha, ranar da yake son biyan kuɗin fita ta intanet zai zauna yana jiran saƙon da ba zai zo ba.

Babban aibinsa a wajena shi ne ba shi da bango. Ranar isowa za a ɗaura maka ɗan zobe na roba a wuyan hannu, alamar ka biya, sannan otal da yawa su nemi kati su riƙe wani adadi a matsayin jingina. Kuɗin ba su fita ba, amma ba za ka iya taɓa su ba, kuma sakinsu yakan ɗauki kwanaki bayan ka bar otal ɗin, wani lokaci har ka dawo Aboabo ba su dawo ba. Daga nan duk abin da zoben bai rufe ba, ruwan lemon da aka matse a gabanka, gasasshen kifi a gidan abincin da ke can ƙarshen lambu, hoton da mai kyamara ya ɗauki yara, sai dai a kawo maka 'yar takarda ka rubuta lambar ɗaki ka sa hannu. Kamar cin bashi ne a shagon maƙwabci, ba ka jin komai sai ranar da aka buɗe littafi. Kuma littafin nan a kan asusun da kuɗin haya da na makarantar yara suke kwance ake buɗe shi. Katin bashi mai ruwa ban sa shi cikin lissafi ba, domin yawancin masu karanta wannan ba sa son kusantarsa, kuma dalilinsu ya isa.

Katin dala

Ko dai katin da ke kan asusun dala, ko wanda ake loda masa kuɗi tun kafin tafiya, abin da ka zuba shi ne kawai a ciki. Manyan bankunan ƙasar nan da dama suna da ɗaya daga cikin biyun.

Yana ɗaukar alherin hanyoyi biyun farko. Farashin canji ka rufe shi ranar da ka zuba, kamar mai riƙe da takarda, idan kuma ya ɓace a kulle shi kuɗin su tsira. Yana da bango, domin ba ya wuce abin da ke ciki, kuma idan otal ta riƙe jingina ba ta taɓa kuɗin gida ba. A Dubai, inda har ƙaramin kanti yake karɓar kati kuma dirhami ba ta motsi a kan dala, da wuya a samu abin da ya fi shi.

Tsadarsa a ƙofar shiga take: kuɗin yin kati, wani lokaci kuɗin lodawa ko na kula da asusu, sannan idan ƙasar ba dala take ci ba akwai canji daga dala zuwa kuɗinsu. Ga takardu da jira, ba abin da za a fara ana saura kwana uku ba ne. Mai tafiya sau ɗaya a shekara biyar zai iya ganin wahalar ta fi riba. Ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai ko Santambul sari kuwa, wataƙila yana da shi tun tuni, sai dai shi matsalarsa daban ce: jarin shago da kuɗin hutu suna cikin tukunya ɗaya. Kuma duk kyawun kati, ba a ba mai gyaran ɗaki ihsani da shi, ba a kuma tayin gyale da shi a kasuwar tsohon gari.

A biya tun daga gida

Ejan zai ce maka ka ƙara kaza a saka maka yawon sahara, da jirgin ruwa, da motar ɗauko ka daga filin jirgi, duk da sidi. Motar filin jirgi kam a saka, musamman mai isowa cikin dare da yara. Sauran kuwa sai a yi tunani. Farashin yakan fi na can, domin hannu biyu ko uku ne suke cin riba, kuma ka sayar da damar tayi da damar fasawa. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ko iska ta hana jirgin ruwa fita, maido da kuɗin sai an bi ta Kumasi. A ɗorewa lafiya lau, an biya an wuce wurin. Haɗarin yana ga wanda ka ba: ka tabbata yana da lasisin Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Ghana, kuma kowace fita a rubuta ta da sunanta da ranarta da sunan kamfanin da zai karɓe ka a can. "Kada ka damu Alhaji, yaronmu zai same ka" ba rasit ba ne.

| Hanya | Tsada | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Dala a hannu | A bayyane. Asara a canji na biyu da ragowa | Farashi ya tsaya ranar saye | Tana shiga ko'ina. Sai an zaɓi takardu | In ta ɓace ta ɓace. Tana taka wa hannu birki |
| Katin sidi | Kason banki da kuɗin cira | Yana bin farashin kowace rana | Babu sabon shiri sai buɗewa | Ana iya kullewa. Yana kan kuɗin gida |
| Katin dala | Kuɗin kati da lodawa | Farashi ya tsaya ranar zubawa | Takardu da jira kafin tafiya | Ana iya kullewa. Ba ya wuce abin da ke ciki |
| Biya ta hannun ejan | Yakan fi na can | An biya an gama | Mafi sauƙi | Ejan marar gaskiya. Wahalar maido da kuɗi |

Nawa ke nan, kuma ina ramin yake

Bari in yi lissafin misali, ba farashin wani wuri ba. Miji da mata, kwana 7, sun ware dala 900: hanya da filayen jirgi 100, ihsani 60, fita biyu 240, tsaraba 300, ajiyar ko-ta-kwana 200. Mu ɗauka banki yana cire 4 a kan ɗari, kuma duk da kati suka kashe. Dala 36 ke nan. Ba a raina ta, amma dubi layin tsaraba. Tun ranar da aka ji za ku yi tafiya saƙo yake shigowa: Inna tana son turaren wuta, Yaya tana son abaya baƙa mai duwatsu, Kawu ya ce agogo ko da ƙarami ne, maƙwabciya ta ce ke dai ki sayo, in kin dawo za ta biya. Abaya biyu da ba sa cikin lissafi sun riga sun haɗiye abin da ka yi mako kana ƙoƙarin tsirarwa tsakanin wannan ɗan canji da wancan. Ga kuɗin nauyin kaya a filin jirgi, ga kwastan a Accra idan akwatin ya fara kama da na 'yar kasuwa.

Shi ya sa ko wace hanya ka zaɓa, kuɗin tsaraba su zama takarda, a ambulan nasu, da jerin sunaye a bayansa, kuma a bar sayayyar sai kwana biyun ƙarshe. Mai saƙo ya kawo kuɗinsa kafin a tashi, da dala ko da sidi a farashin ranar. Faɗin haka yana da nauyi a zango, na sani, amma ya fi sauƙi a kan bin bashin 'yar'uwa wata shida.

Wani abu kuma da ya shafi mu musamman: kaso mai tsoka na farashin irin waɗannan otal-otal na giya ne, wadda ba za ka sha ba. Idan kai mai fita gari ne kullum, auna ko ɗaki da karin kumallo da abincin dare kawai bai fi maka ba, ka mayar da bambancin cikin guzuri. A gaɓar tekun Turkiyya akwai otal-otal da ba sa sayar da ita sam, masu wurin wanka na mata daban, kuma a irinsu abin da ka biya kai ne za ka ci shi.

Wa ya dace da wace

Mai tafiyar farko, mako guda, Masar ko Zanzibar: dala a hannu ta ɗauki kusan komai, katin sidi ya zauna a akwatin ƙarfe don jinginar otal da larura. Kafin ka tashi ka kwashe kuɗin haya da na makaranta daga asusun da katin yake kai.

Mai zuwa Dubai ko Turkiyya, ko wanda yake fita waje sau ɗaya ko biyu a shekara: katin dala ya cancanci wahalarsa. Ka haɗa da ƙananan takardu na ihsani da ambulan tsaraba. Idan katin na sari ne, ka rubuta adadin hutu a gefe kafin ka hau jirgi.

Wanda ya san hannunsa a sake yake, ko Hajiyar da ta san ba ta iya wuce shagon gwal ba ta leƙa ba: takarda zalla, a raba ta ambulan-ambulan na kwanaki, katin kuma a ba abokin tafiya ya riƙe.

Wanda yake tura iyayensa, ko zai tafi da ƙananan yara uku huɗu: a biya mota da fita ɗaya mai kyau tun daga Kumasi ta hannun ejan mai lasisi, a ba su dala ƙanana waɗanda ba sa buƙatar canji, a kuma rubuta musu a takarda abin da zoben hannu ya rufe da abin da bai rufe ba, don kada Baba ya yi ta sa hannu yana zaton kyautar otal ce.

Wanda tafiya ta zo masa bagatatan, saura kwana huɗu: katin sidi, ya shiga banki gobe da safe a buɗe masa aikin waje, ya bar layinsa na Ghana a cikin waya, sannan ya tsaya a wurin canji mai lasisi a Adum ya ɗauki ko dala 200 ce, rabinta ƙanana.